Sunan da Zai Kwanta a Dutse

Sau ɗaya tak na ga an kayar da Elwood Kratz a gardama. Mace ce ta kayar da shi, kuma a kan agwagwa.

A shekarar 1978 ne. Harlan Dobbs na garin Pell Creek ya mutu, matarsa Maxine ta tuƙo a-kori-kurarsa har Marden, ta tsaya a farfajiyar Elwood mai sassaƙa, inda duwatsun kabari suke jingine layi-layi suna jiran masu su. Ni kuma na kawo wa matarsa Opal wani kwano da na ara. Da na ji murya ta fara tashi, sai na manta hanyar gida.

Maxine so take a sassaƙa tambarin ƙungiyar garinsu ta besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, a saman sunan mijinta. A kwarin nan wannan ba abin tambaya ba ne, rabin mazanmu a ƙarƙashin tambarin ƙungiyarsu suke kwance. Abin da ya tsaya wa Elwood a wuya shi ne, ƙungiyar Pell Creek sunanta Agwagi.

Ya ce, "Madam Dobbs, ba zan ɗora wa namiji agwagwa a ka ba. Mutumin nan ya je yaƙin Koriya."

"Ya je ya dawo. Koriya shekara ɗaya ta samu. Agwagi sun samu ashirin da biyar, yana benci na uku yana zagin alƙalin wasa."

"In yi masa gicciye. In yi masa tuta. Ko hannu biyu suna addu'a, na iya su har da farce."

"Ka taɓa ganin Harlan yana addu'a?"

"Madam, dutse ba hula ba ne da za a cire. Shekara ɗari biyu zai yi a kansa, kowa ya wuce ya yi masa dariya. Ai nauyin ya yi yawa."

Maxine ta gyara jakarta a kafaɗa. Mace ce da sai ta karkata kafin ta shiga ƙofa. Ta ce, "Elwood Kratz, shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana ƙarƙashina bai ce uffan ba. Agwagwa ce za ta danne shi?"

Opal ta tuntsire da dariya daga tagar kicin. Elwood ya je ya ɗauko ƙarfen sassaƙa.

Da ya kai dutsen Pell Creek ya kafa, sai ya tsaya ya daɗe yana kallo. Rafi yana bin gefen maƙabartar, agwagi suna ta kai-kawo a tsakanin kaburbura suna rangaji, irin tafiyar da marigayi Harlan yake yi sak. Ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Can ya ce wa Opal, "Ta kwanta." Opal ta ce wace ce. Ya ce agwagwar.

Daga ranar ya zama alƙalin sunayen ƙungiyoyi na kwarin nan, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ƙananan ƙungiyoyi irin namu ba sa zama da suna. A sayar da su, a ɗauke su zuwa wani gari, a raɗa musu sabo, a buga sababbin huluna. Duk sunan da ya fito a jarida, wani zai yanko ya kai wa Elwood. Shi kuma ya ɗauki alli, ya sami dutsen da ba a riga an sassaƙa ba, ya rubuta sunan a sama, daidai inda zai zauna in da mai ƙaunar ƙungiyar ne ya mutu. Sai ya bar shi a jingine cikin 'yan'uwansa, ya ci gaba da aikinsa. Da la'asar ya dawo, ya ja da baya taku shida, ya duba. Hukuncinsa kalma biyu ne ko huɗu: zai kwanta, ko ba zai kwanta ba.

Mutane suka ɗauka sunan ban dariya yake ƙi. Ba haka ba ne, Maxine ta warkar da shi daga wannan cutar. Wata ƙungiya a bakin kogi ta zama Kwaɗin Laka, kowa a gidan shan kofi ya ce yau Elwood zai jefar da alli. Ya duba ya ce zai kwanta. "Mutanen can da kukan kwaɗi suke barci tun suna goyo. Wanda yake ƙasa ma yana jin su." Masu Dakon Kwal ya kwanta. Tsofaffin Alfadarai ya kwanta, har ya cire hula. Amma da aka kawo masa Zakuna sai ya ce, "Wa ya taɓa ganin zaki a Ohio? Ka mutu, a danne ka da dabbar da ba ka san warinta ba." Wani gari da guguwa ta taɓa kashe wa mutum goma sha ɗaya ya kira ƙungiyarsa Guguwa. Elwood ya rubuta, ya goge tun kafin azahar. Ya ce abin da ya ɗauke kakarka ba ka ɗinka shi a gaban hula.

Suna ɗaya ne ya ƙi ko da rubutawa. Wata ƙungiya can yamma ta koma Fatalwa, da zanen farin mayafi mai ido biyu. Wanda ya kawo jaridar ya miƙa masa alli. Elwood ya waiwaya ya dubi tudun da ke bayan shagonsa, ya mayar da allin aljihu. Ya ce, "Ba na tsokana a bakin ƙofarsu."

Tudun nan shi ne maƙabartarmu, kuma katangar hagu ta filin wasa ita ce katangarta. Maƙabartar ta riga filin zuwa. Masu fasa dutse ne suka share filin a zamanin kakan Elwood, suka kira kansu Gudumomin Marden, tambarinsu guduma biyu a gicciye. Duk ƙwallon da aka buga ya tsallake katangar hagu, a cikin matattu yake sauka, kuma ba a ɗauko shi. Na wanda ya sauka a kansa ne. Mai yankan ciyawa ma zagaye shi yake yi. Elwood yana zaune kusa da Chet Lamb mai shela, da madubin hangen nesa a wuya, don babu dutsen da bai sani ba ko ta baya ya gan shi. Ƙwallo ya sauka, ya raɗa wa Chet suna, Chet ya sa baki a lasifika: "Lloyd Hensley ya kama." Dangin Lloyd su miƙe su ɗaga hannu, a tafa musu, su zo wurina su karɓi gugguru kyauta. Shekara arba'in da biyu ina sayar da gugguru a ƙarƙashin benci. Na ciyar da dangin matattu fiye da kowane limamin coci a garin nan.

Opal ta mutu a 2005. Elwood ya yi musu dutse ɗaya mai faɗi, ita a hagu, shi a dama, guduma biyu a sama da sunan Gudumomi ya ratsa daga gefe zuwa gefe. A gefensa ya sassaƙa sunansa, da 1936, da ɗan layi, sannan fili. Yakan hau tudun da rana ya zauna a nasa gefen ya ci burodi da wake. Na ce masa, "Elwood, kana ɗumama wurin ne?" Ya ce yana duba ko akwai yoyo.

Wurin da ya zaɓa mata can sama ne, gindin wani tsohon itace, don ta riƙa ganin fili duka. Wannan ne kuskurensa. Sai ƙato na gaske ne zai iya kai ƙwallo can. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga madubi, yana raɗa sunayen matan wasu, da mashaya, da wani likitan haƙori da ya kama har sau tara alhali da ransa ko lemo aka jefa masa sai ya faɗi. Opal ba ta kama ko ɗaya ba. Bai taɓa faɗa ba, amma duk garin ya san abin da yake jira: ya ji Chet ya kira sunanta, tana kwance a ƙarƙashin sunan ƙungiyar da ke cikin fili.

Sai ga Brantley Voss a 2016. Yaro ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, daga Atlanta, mai fararen haƙora da takalmi ba safa. Shi da abokansa suka sayi ƙungiyar. Ya ce guduma ba ta sayar da hula, yaran yanzu abinci mai fushi suke so. Ya ɗauko wani kamfani, kamfanin ya fito da suna biyar, aka yi ƙuri'a ta intanet. Gudumomi ba ya cikin biyar ɗin. Wanda ya ci shi ne Fusatattun Gugguru, da ƙuri'a dubu biyu da ɗari uku, yawancinsu daga mutanen da ko a taswira ba su san Marden ba. Zanen kwalin gugguru ne mai jan ido da haƙora, ya ɗaga sanda.

Ni dai na soya gugguru ya fi cikin tirela, ban taɓa ganin ɗaya ya yi fushi ba. Tsalle yake yi, ya yi fari, a ci shi.

Filin na gari ne, saboda haka sai majalisa ta yarda kafin a taɓa sunan da ke jikin katanga. Wani ya ba Brantley shawara ya fara lallaɓa tsohon, don ko 'yan majalisa ba sa son a ji Elwood ya ce sunansu ba zai kwanta ba. Ya zo farfajiyar da sabuwar hula a kwali. Ina nan, na kawo wa Elwood miya.

"Mista Kratz, an ce kai ne kotun ƙoli."

"Ni mai sassaƙa ne, ɗan samari. Kada ka jingina da wannan, na Madam Purvis ne, tana asibiti."

Brantley ya janye hannu kamar ya taɓa murhu. Ya ce, "Gwada namu mana. Ka ba shi dama."

Elwood ya rubuta shi da kyau, bai yi mugunta ba, har zanen kwalin ya yi da haƙoransa. A watan Yuli ne, zafi da gumi, kuma dutsenmu yakan yi zufa a irin wannan yanayi. Da la'asar muka dawo. Sunaye biyu da ya rubuta tun makon jiya a duwatsun gefe suna nan garau. Na tsakiya ya jiƙe sharkaf, allin ya narke ya gangaro layi-layi har ƙasa, kamar kwalli a fuskar wadda ta sha kuka.

Brantley ya ce, "Laima ce."

Elwood ya ce, "Ƙila."

"To mene ne hukuncin?"

"Ban yanke ba. An riga ni."

Majalisa ta ba Brantley Lahadi ɗaya ya gwada, wasan ƙarfe biyu na rana. Ya rufe guduma biyun da ke jikin katanga da ƙyalle, ya sa wa 'yan wasa riga mai ratsin ja da rawaya, ya zura wani bawan Allah cikin ƙaton kwali yana rawa a rana har ya kusa suma. Mutum dubu ɗaya da ɗari ɗaya suka zo, ban taɓa ciniki irin na ranar ba, gaskiya ɗaya ce. Chet ya yi ta tuntuɓe da sabon sunan, sau biyu yana cewa "Gudu" ya haɗiye sauran.

A zagaye na shida wani ƙato ɗan Dominika mai suna Eladio, cikin 'yan wasanmu, ya shigo bugu. Na fito daga rumfata don na ji ƙarar. Wanda ya daɗe a filin wasa ya san wannan ƙarar, kamar an fasa busasshen itace da gatari. Ƙwallon ya tashi, ya wuce katanga, ya wuce Lloyd Hensley, ya wuce likitan haƙori, yana ta hawa tudu. Ya sauka a gindin itacen, ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya.

Ba sai an ɗaga madubi ba. Duk wanda aka haifa a Marden ya san wurin. Aka fara tafi, sai tafin ya mutu da kansa, aka juyo ana kallon ɗakin shela.

Lasifikar a buɗe take, muka ji komai. Chet ya ce a hankali, "Elwood. Ita ce."



Chet ya sake cewa, "Elwood, in faɗa?"

Muka ji numfashin tsohon a lasifika, yana fita da ƙyar. Ya ce, "Ba ta san waɗannan masu kwalin ba."

Eladio ya gama zagaye fili, ya dawo inda ya yi bugun, ba wanda ya kula shi. Mai jifan ƙungiyar baƙi ya karɓi sabon ƙwallo yana murza shi. Babu iska ko kaɗan, tutar da ke kan sanda ta rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai ɗan wasan baƙi da ke tsaron hagu ya juya ya dubi katanga, kamar an kira shi.

Ƙwallo ya taso daga bayan katangar. Bai zo da ƙarfi ba. Ya yi sama a hankali, ya lanƙwaso, ya sauka a ciyawa, ya mirgino har gaban takalmin yaron ya tsaya.

Ranar Lahadi ƙofar maƙabarta a kulle take. Daga saman benci ana ganin tudun gaba ɗaya, kowane dutse, kowane itace, kuma ido dubu biyu suna kansa. Ko kare babu. Ni abin da ya sa na zauna a kan buhun masara ba wannan ba ne. Opal ta yi wa ƙungiyar matan cocinmu jifa shekara goma, ni nake cafe mata ƙwallon. Daga ƙasa take sako hannu, ƙwallon ya yi sama kamar ba zai sauko ba, sannan ya faɗo a gabanka yana juyawa baya. Na san jifan kamar yadda na san tarin mijina.

Yaron ya ja da baya, ya ƙi taɓawa. Alƙalin wasa ya tako ya ɗauka ya sa a aljihu, ya yi taku uku, ya ciro shi ya ajiye a ƙasa, yana goge hannu a wando. Daga baya ya gaya wa Chet cewa sanyinsa kamar daga firji aka ciro shi. An ƙarasa wasan, an ce mun ci. Ban san da nawa ba, kuma ban sami wanda ya sani ba.

Da safiyar Litinin mai kula da fili ya zo ban ruwa, ya tarar da ƙwallaye a jere a gindin katangar, ta cikin fili, tun daga kusurwa har tsakiya. Wasu sababbi, wasu sun yi kore, wasu fatar ta zube sai zare, tun na zamanin da nake da ƙugu. Na hau tudun da kaina na duba. Dutse sittin da uku ne masu guduma, kuma babu ƙwallo ko ɗaya a gabansu, sai ɗan rami a ciyawa inda ya daɗe yana zaune. Waɗanda ba su da tambari, irin su likitan haƙori, nasu suna nan ba a taɓa ba. Wasu suka ce Elwood ne. Elwood da yake da shekara tamanin da ƙarfe a kwankwaso, wanda in allinsa ya faɗi sai ya jira baƙo ya ɗauko masa.

Majalisa ta zauna ran Laraba da ƙarfe huɗu. Zauren ya cika, har a taga ana tsaye. In kun bi ta Marden yau za ku ga guduma biyu a jikin katanga, an sake musu fenti, kuma an zuba ƙwallayen nan ta kan katanga an mayar wa masu su. Ba ƙuri'a ce ta yi wannan ba, don ba a kai ga kaɗa ta ba. Ga yadda aka yi.

Brantley ya zo da fara'arsa. Wani ya ɗauki abin a waya, ya ce mutum rabin miliyan sun kalla, an sayi hula dubu huɗu cikin kwana uku. Ya ce ko wane ne ya shirya wasan nan, yana so ya ɗauke shi aiki. Ya dubi Elwood, ya kashe ido ɗaya.

"Ban san yadda ka yi ba, Mista Kratz, amma na sara maka."

Elwood yana kujerar gaba, hula a gwiwa. Ya ce, "Ina kusa da Chet."

Chet ya ce, "Yana kusa da ni. Hannunsa a kan nawa. Har yanzu da shaida."

Brantley ya ce to, a bar wannan. Ya ce yana girmama tarihi, kakarsa ma ta rasu. Ya ce zai sa ƙaramin allo a bakin ƙofa don tunawa da Gudumomi. Ya ce wanda yake so a gyara dutsen danginsa a sa sabon tambari, ƙungiya za ta ɗauki nauyi, kuma Mista Kratz ne zai yi aikin.

Wata jikar Lloyd Hensley ta ce daga baya, "Ka sa wa kakarka kwalin."

Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba. Brantley ya ji haushi, fararen haƙoran suka ɓuya. Ya ce, "Jama'a, mu yi magana irin ta manya. An yi ƙuri'a, an ci. Duk wanda abin ya shafa an sanar da shi, ta wasiƙa, ta waya, ta jarida. Wa ya rage? Ku faɗa mini mutum ɗaya da ya rage."

Shugabar majalisa ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su karkace ba. Tagar zauren tana kallon tudun, kuma na lura kowa yana ƙoƙarin kada ya dubi tagar.

Elwood ya dafa sanda ya miƙe, abin ya ɗauke shi lokaci. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro makullin ƙofar maƙabarta, wanda gari ya ba shi don shigar da duwatsu. Ya taka har gaban Brantley, ya ajiye shi a kan tebur, a saman sabuwar hular.

Ya ce, "Ni ban hana ka ba, ɗan samari. Ƙungiyarka ce. Amma ba ni zan gaya musu ba. Akwai sauran rana, ka hau da kanka."